Kuɗin lefe da kunkurun teku

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, haifaffen Maraɗi. Na yi lisans a fannin muhalli a jami'armu ta nan, yau shekara 2 ban samu aiki ba, ina zaune a shagon mahaifina a babbar kasuwa, muna sayar da atamfa da shadda. Tun muna makaranta wani malaminmu ya nuna mana bidiyon macen kunkurun teku tana haƙa rami tana zuba ƙwai, abin ya shiga raina, har yau bai fita ba. Watan jiya na ga talla a Facebook ana neman ƴan sa kai su je Kosta Rika, can Amurka ta Tsakiya, aikin kare kunkurun teku na wata ɗaya. Na yi magana da wani ta WhatsApp, ya ce kuɗin shiga yuro 1,200 ne ban da kuɗin jirgi, kuma in na yi ƙoƙari za su taimaka mini da takardun zama a can. Ya ce in aika rabi kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani gurbina. Ina da jika 950 da na tara, amma na lefe ne, don an riga an kai gaisuwa gidan yarinyar da nake nema, an ce bayan Babbar Salla za a sa rana. Ita ban gaya mata ba. Da na tuntuɓi Alhaji sai ya yi dariya, ya ce ashe duk karatun nan ƙarshensa gadin kunkuru, ya ce in na tafi ba da yawunsa ba. Inna ba ta tanka ba, sai daga baya ta kira ni ɗaki ta ce in ina so za ta sayar da awakinta biyu. Abokaina kuwa sun laƙaba mini Sarkin Kunkuru. Ina jin in na bar wannan dama, a shago zan tsufa ina auna yadi. Me zan yi?

Ɗanka, daga Maraɗi

Wa alaikumus salam ɗana. Sarkin Kunkuru, Allah ya ja zamaninka. Kada sunan ya dame ka, abokai ba sa laƙaba wa mutum suna sai a kan abin da suka ga ya riƙe da gaske. Bari in fara da abin da ba ya jira, sauran mu bi shi a hankali. Kada ka aika wa mutumin nan ko dala ɗaya, a wannan wata ko a mai zuwa. Ban ce ka bar zancen kunkuru ba. Wannan tafiyar ce, da wannan kuɗin, kuma a ɓoye, ban yarda da ita ba.

Na san abin da ya kama ka, don ni ma na taɓa gani, kuma ido da ido. Wata shekara na raka wani ɗan'uwana Kwatano, lokacin yana harkar fito da motoci daga tashar jiragen ruwa. Takardu suka maƙale, muka rasa abin yi, sai wani abokinsa ya ja mu Grand-Popo, wani gari na ƙasar Benin a bakin teku dab da iyakar Togo. Can cikin dare wani mai gadin gaɓa ya zo ya tashe mu. Masunci ne, da bakinsa ya gaya mana cewa a da shi ma haƙar ƙwan yake yi yana sayarwa. Ya ce mu kashe tocila, mu bar surutu. Muka bi shi, ƙafa na nutsewa cikin rairayi. Kafin in gan ta numfashinta na fara ji, wani huci mai nauyi kamar na tsohuwar da ta hau tudu da tulu a ka. Ba babba ba ce, nauyinta bai fi buhun siminti ba. Tana haƙa da ƙafafunta na baya, wannan ta ɗebo ta watsar, waccan ta karɓa, kamar mace na kwasar tuwo da mara. Sai da ta fara zubawa mai gadin ya kunna ƴar jar fitilarsa ta bayanta. Ƙwai suna faɗowa bibbiyu, uku-uku, farare, kewayayyu, ba sa fashewa don ɓawonsu laushi gare shi kamar fata. Idanunta na zubar da ruwa. Ɗan'uwana ya ce naƙuda ce ta sa ta kuka, mai gadin ya ce a'a, gishirin teku take fitarwa ta nan. Da ta gama ta mayar da ƙasa, ta riƙa ɗaga jiki tana bugawa, dam, dam, kamar masu daɓe, sannan ta ja ciki ta koma ruwa ko waiwaye babu. Ranar ban runtsa ba. Saboda haka ba ni cikin masu yi maka dariya.

Kuma gadin da Alhaji yake wa dariya, gadi ne mai dalili. Kunkurun teku iri 7 ne a duniya. Mace takan zuba ƙwai wajen 100 a rami guda, ta tafi abinta, zafin rairayi ne ke yi mata kwanci har kusan wata 2. Zafin nan ne ma ke yanke ko maza za a samu ko mata: in ya haura wajen digiri 29 mata suke rinjaye, in ya yi ƙasa maza. Ƴaƴan in sun ƙyanƙyashe da dare suke fitowa, su nufi inda ya fi haske, wanda asali shi ne saman ruwa. In akwai fitilar otal ko ta titi a bayansu, sai su juya wa teku baya, gari ya waye musu a kan hanya, rana ko kare ko hankaka ya gama da su. Masana suna ƙiyasta cewa cikin 1,000 ɗaya ne yake kai girma, kuma wasu irin sai sun yi shekara 20 zuwa 30 kafin su fara ƙwai, sannan macen ta komo yankin da aka ƙyanƙyashe ta. Ka ga ke nan wanda ya yanka uwa ɗaya a bakin ruwa, ya yanka aikin shekara 30. Ga ragar masunta da ke shaƙe su, ga leda. Babban cikinsu, wanda bayansa fata ce maimakon ƙoƙo, mai iya haura kilo 500, abincinsa wata halitta ce mai santsi da ke yawo a ruwa, kuma farar leda in ta jiƙa kama take yi da ita sak. Kai ɗan Maraɗi ba sai an yi maka bayanin wannan ba, ka sha ganin mahauci ya farke tumbin jar akuya ya zaro dunƙulen leda. Gadin kuma ba ya tafiya a banza. Koren kunkuru ya daɗe cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, a 2025 ƙungiyar IUCN mai kula da jerin ta fitar da shi daga ciki, bayan gomman shekaru mutane na kwana a bakin teku suna abin da kake son yi.

Sai dai bidiyo minti biyar yake nunawa, ya ɓoye sauran daren. Aikin ɗan sa kai tafiyar ƙafa ce cikin rairayi mai laushi, sa'a huɗu, biyar, shida, daga bayan isha'i har wani lokaci zuwa asuba, cikin baƙaƙen tufafi, ba farar fitila, ba ɗaukar hoto da walƙiya, sauro na ci. Akwai daren da za ka yi ta safa da marwa ba ka ga ko sawu ba. In an dace ta fito, sai ka tsuguna nesa ka jira ta fara zubawa, don in ta ji motsi kafin nan komawa take yi. Sannan a ƙirga ƙwai, a auna bayanta da tef irin na tela, a duba ko a sa mata ƴar lamba a ƙafar gaba, a rubuta. In ramin yana inda igiyar ruwa za ta cinye shi ko inda ɓarayi za su gani, a kwashe ƙwan cikin ƴan sa'o'in farko a kai wurin da aka killace, a haƙa rami mai zurfi irin nata. Bayan an ƙyanƙyashe kuma a tone ramin a ƙirga ɓawo da waɗanda suka ruɓe, hannu dumu-dumu, da warin da sabulu ba ya fitarwa a wanki ɗaya. Da rana tsintar shara ne da gyaran shinge da cika takardu. In ka karanta wannan ka ji har yanzu kana so, to mu ci gaba.

Yanzu mu ɗauko alƙalami, kai ɗan kasuwa ne. Yuro 1 sefa 656 ne in an cike, ke nan yuro 1,200 ya kama jika 787. Saura jika 163 a hannunka, ba ka sayi tikitin jirgi ba, wanda zuwa wancan ɓangaren duniya da komowa shi kaɗai zai iya lashe duk abin da ka tara. Ba jirgin da ke tashi daga Yamai ya sauka can kai tsaye, sai ka ratsa ta Turai ko Amurka, kuma Amurka ko canjin jirgi za ka yi sai da bizarta. Kosta Rika ba ta da ofishin jakadanci a Nijar. Ƙasar kam ta kunkuru ce ta gaske, a Tortuguero wani masani Ba'amurke mai suna Archie Carr ya kafa aikin tun shekarun 1950, kuma har yau ana yi. Amma yarensu Sifaniyanci ne, ka kuwa san ba ka jin sa. Za ka yi wata ɗaya kana bin wani a baya da bokiti.

Karɓar kuɗi shi kaɗai ba ya nuna damfara. Ƙungiyoyin gaskiya ma suna karɓa, don da shi suke ciyar da ƴan sa kai, su ba su makwanci, su biya ƴan gari masu gadi. Abu biyu ne a maganar mutuminka suka tsaya mini a wuya. Na farko zancen takardun zama. Masu aikin kunkuru ba sa raba takardun zama, wanda ya sa wannan cikin talla ya san irin kifin da yake son kamawa, kuma da matasanmu yake. Na biyu gaggawar nan ta aiko rabi kafin ƙarshen wata. Kunkuru duk shekara take zuwa, tun kafin a haifi kakan kakanka, ba ta san ƙarshen wata ba. In kana son ka gwada shi, rubuta masa ka ce ya ba ka sunan gaɓar da ake aikin, sunan ƙungiyar da ke riƙe da ita, izinin hukumar ƙasar, rahoton bara mai nuna rami nawa suka tsare, da lambar mutum biyu da suka taɓa zuwa. Ka tambaye shi cikin yuro 1,200 nawa ne yake isa bakin teku. Ka ce kuma asusun ƙungiya za ka biya, ba aike da sunan mutum ba. Daga nan ka nemi ƙungiyar da kanka, ta adireshinta, ka tambaya ko sun san shi. Mai gaskiya zai amsa cikin kwana biyu ba tare da ɓacin rai ba. Ɗayan kuwa zai fara yi maka wa'azin yarda da juna. Ko da ma ya fito da gaskiya, in ka ga hotunansu cike da baƙi riƙe da jariran kunkuru, ko an tara su cikin baho ana jiran masu yawon buɗe ido su biya su saki, wannan kasuwa ce aka yi wa rawanin taimako.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda idonka ya tsallake Afirka gaba ɗaya. Gaɓar Gabon, wajen Pongara da Mayumba, ita ce ta fi ko'ina a duniya yawan wancan babban mai bayan fata. Tsibiran Kabo Berde da ke yamma da Senegal, musamman Boa Vista da Sal da Maio, suna cikin manyan wuraren da wani irin kunkuru mai ƙaton kai yake ƙwai a duk duniya, daga Yuni zuwa Oktoba, daidai daminarmu, kuma ƙungiyoyi irin su Turtle Foundation da Project Biodiversity suna ɗaukar ƴan sa kai a can. Tsibirin Poilão na Gine Bisau shi ne babbar matattarar koren kunkuru a Afirka. A Kodebuwa akwai Grand-Béréby, a Gana akwai Ada. Mafi kusa da kai ita ce Grand-Popon da na ba ka labari, ƙasa da kilomita 100 daga Kwatano, inda ƙungiyar Nature Tropicale ta daɗe tana aiki da masu gadi ƴan gari, kuma lokacin ƙwai a can yana kamawa daga ƙarshen daminarmu har ƙarshen hunturu. Can Faransancinka yana ci, sefar da ke aljihunka ita ce kuɗinsu, mota za ta kai ka, kuma in ka sauka Zangon Kwatano ka yi sallama da Hausa za a amsa maka, wataƙila ma wani abokin cinikin Alhaji ne zai ba ka tabarma.

Kada kuma ka je musu a matsayin baƙo mai biya. Kana da lisans a muhalli, ka nemi sitaj, wato zaman koyon aiki. Ka koma jami'a wurin malamin nan da ya nuna muku bidiyo, ka gaya masa abin da ya jawo, ka roƙe shi takardar shaida mai hatimi. Ka rubuta wa ƙungiya huɗu ko biyar kai tsaye, gajeriyar wasiƙa, ka faɗi abin da ka karanta, da abin da ka iya, da tsawon lokacin da za ka iya zama. Da yawa cikin irin waɗannan ayyuka suna bambanta mai zuwa mako biyu da mataimakin da zai zauna wata biyu ko uku, na biyun sau da yawa ci da kwana a kansu yake. Kuma kana da abin da ɗan Turai ba ya zuwa da shi. Matsalar kunkuru rabinta matsalar mutane ce, yadda za a ce wa talaka ya bar abin da yake ci. Kai ka tashi a jihar da aka yi wannan gwagwarmaya a kan itace. A nan ƙasar Maraɗi, tun shekarun 1980, aka shawo kan manoma suka riƙa barin tohon kututture a gona maimakon sarewa, abin da ake kira sassaben zamani, har ƙasashe suna zuwa koyo. Ka sa wannan cikin wasiƙarka.

Akwai tambayar da zan yi maka, ba sai ka ba ni amsa ba, amma ka ba kanka. Layin ƙarshe na wasiƙarka bai ambaci kunkuru ba, shago ya ambata da auna yadi. Kuma na lura zancen takardun zama bai sa ka ja da baya ba. To kunkurun kake so, ko ƙofar fita? Duka biyun ba laifi ba ne, saurayin da ya yi karatu ya zauna shekara 2 yana naɗe atamfa dole ƙirjinsa ya yi nauyi. Amma maganinsu daban ne, kuma in ƙofa kake nema, wata ɗaya a bakin teku zai ƙare ka komo ka tarar da shagon yana nan, kuɗin ne kawai babu. Gwajin mai sauƙi ne. Tafkin Madarunfa yana nan kusa da kai, tsuntsaye na sauka, leda na taruwa. Gandun Gadabeji yana jiharku, can aka mayar da raƙuman dawa daga Kure a 2018. Kunkurunmu na tudu, babban nan da ake ajiyewa a gidajen masu hali yara na hawa, shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, kuma a daji ƙarewa yake yi saboda kamu da sayarwa. Ka je wurin ma'aikatan gandun daji ko wata ƙungiyar muhalli ta nan ka ce kana da rana ɗaya a mako kyauta. In ka yi wata uku kana zuwa ba fashi, ka samu amsarka, ka kuma samu layi mai nauyi a takardar neman sitaj.

Mu zo kan Alhaji. Ba na jin tafiya yake ƙi. Alhazan Maraɗi da tafiya suka yi suna, wataƙila shi kansa bai kai shekarunka ba ya san hanyar Kano da Lome da Kwatano. Abin da bai gane ba shi ne tafiyar da za a zuba jari a komo hannu wofi. Akwai kuma abin da ba zai faɗa maka ba, sai ya rufe shi da dariya. A kunnen uba a ƙasar nan, in ɗa ya haɗa kalmar teku da wani mutum a waya da alkawarin takardu, ba kunkuru yake gani ba. Ƴaƴan maƙwabta yake tunawa, waɗanda suka bi ta Agadas aka daina jin ɗuriyarsu. Ka yi masa uzuri, a wannan karon ma hancinsa ya fi naka jin wari. Kada ka sake tayar da maganar a shago gaban yara da masu ciniki. Ka bari sai takardar gayyata ta zo hannunka, da sunan gari da ranar tafiya da ranar komowa. Sannan ka nemi wanda yake jin nauyinsa, baffanka ko amininsa ko limamin unguwa, ku same shi a gida bayan isha'i. Ka fara da cewa ka bar zancen Kosta Rika, kuma maganarsa ce ta sa ka sake dubawa. Ka ce sitaj ne na wata biyu a ƙasar da ya sani, ga wanda zai riƙe maka shago, ga lissafin kuɗin, ba ka taɓa na aure ba. Ka zaɓi lokacin da bai haɗu da azumi da kasuwar Salla ba, don ɗan mai atamfa da ya ɓace a wannan lokaci ya nemi faɗa da gangan. Kada ka yi masa alkawarin cewa aiki zai biyo baya, ka ce dai takardar za ta ƙara wa dosiyenka nauyi wurin neman mastar ko aikin ƙungiyoyi, wannan ita ce gaskiya. In zancen lada ya taso, shi ma ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, sai dai ka bar malamin da ka zo da shi ya kawo shi, ɗa ba ya jawo wa ubansa hadisi a gaban mutane.

In duk da haka ya ce a'a, ka haƙura da bana. Aikin sa kai nafila ne, ba a take umarnin uba a kansa. Ka ci gaba da na gida, ka bar shi ya ga wata shida kana tashi da asuba ranar hutunka kana tafiya Madarunfa ba wanda ya biya ka. Iyaye irin Alhaji ba bayani ke juya su ba, naci suke kallo. Baɗi ka sake komawa.

Awakin Inna kuwa, ka je ka durƙusa ka yi mata godiya, ka ce ta bar su. Akuyar mace ita ce bankinta, ita ce asibitinta, ita ce bikin ƴar ƙanwarta. Kuma in ka karɓa ka sa ta tsakaninka da mijinta, kai ka tafi, ita ta zauna da zafin. Abin da za ka roƙa a wurinta addu'a ce, da kalma ɗaya a kunnen Alhaji a lokacin da ita ta san ya dace.

Inda zan ja maka kunne sosai shi ne wurin yarinyar nan. Ka rubuta “ita ban gaya mata ba” kamar ƙaramin abu, ka wuce. Ɗana, ranar da manyanku suka taka zuwa gidansu, kuɗin nan ya tashi daga naka kai kaɗai. Yana aljihunka, amma an yi magana a kansa. Ubanta ya gaya wa ƴan'uwansa bayan Babbar Salla, uwarta ta shiga adashi tana tara kayan ɗaki, wataƙila an sallami wani mai nema saboda kai. Ka duba yadda za ta ji in a bakin ƙawarta ta fara jin cewa lefenta ya tafi Kosta Rika, a garin da magana ba ta kwana. Abokanka sun riga sun sani, har suna suka ba ka, ke nan saura ƙiris ta ji. Ka riga su. Ka je zance wannan makon ka gaya mata duka, har da cewa ka yi tunanin taɓa kuɗin ka fasa. Ka nuna mata bidiyon. Mai yiwuwa ta yi dariya, mai yiwuwa ta yi fushi, mai yiwuwa ta ba ka mamaki. Ko ta yaya, gara ta san tun yanzu cewa mijin da za ta aura mutum ne da wata rana zai ce zai yi wata biyu a daji ko a bakin ruwa, kai ma ka san abin da za ta ce. In kuwa ka bincika zuciyarka ka tarar auren ne kake ja wa baya, kunkuru kawai ka fake da shi, wannan magana ce dabam, kuma ta fi gaggawa, don ba a barin ƴar mutane tana ƙirga watanni a kan abin da mai shi bai tabbata ba.

Kuɗin tafiyar kusa ka tara shi daban. Mota, abinci, ɗan abin kashewa da na ko-ta-kwana, wannan abu ne da saurayi mai zaman shago zai iya haɗawa cikin ƴan watanni in ya rage shayi da kati. Ko kafin biki za ka je ko bayansa, ku yanke tare da ita, amma in ka tambaye ni, kafin ya fi, don ango da ya bar amarya wata biyu saboda kunkuru, har jikokinsa sai sun ji labari.

In Allah ya sa tafiyar ta tabbata, ka shirya fasfo da katin rigakafin shawara, cutar nake nufi, ba irin wadda nake ba ka ba. Ka san halin da iyakar Gaya da Malanville, tsakaninmu da Benin, ta shiga tun 2023, ka san kuma Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, saboda haka ka tambayi direbobi a tasha yadda hanya take a makon da za ka tashi, ka kuma sa masu karɓarka su rubuto maka takardun da ake nema a shiga ƙasarsu. Ka tambaye su tun daga nan yadda makwanci yake, maza da mata ko a haɗe ne, da abin da ake dafawa, ka gaya musu kana salla kuma ba ka cin alade, ba ka shan giya. Masu aikin kirki ba sa jin haushin wannan. Ka tafi da gidan sauro. Kada ka sayo wa kowa tsarabar zobe ko mataji ko wani abin ado na ƙoƙon kunkuru komai arharsa, yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji ta hana ƙetare iyaka da shi, kuma abin kunya ne a kama Sarkin Kunkuru da irin wannan kaya. Sannan tekun wannan gaɓa ba Gulbin Maraɗi ba ne. Igiyarsa tana ja ta ƙasa, ƴan garin da aka haifa a bakinsa ma suna shakkarsa. Aikinka a kan rairayi yake, ruwa ya tsaya maka a idon sawu.

Ka aika wa mutumin WhatsApp tambayoyin nan yau, ka rubuto mini abin da ya ce. Ka gaida Alhaji da Inna.

Kawunka